Wuƙar Arzika da Kazar Tumba

A Yelwan Yawuri akwai wani mai wankin hula, sunansa Arzika. Ba ya kiwon kaji, amma duk unguwarsu ba wanda ya kai shi damuwa da lafiyarsu. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan yayansa Nomau, direban babbar mota mai kai albasa kudu, wanda kan yi wata biyu bai ga ƙofar gidansa ba. Matar Nomau, Tumba, ita ce mai kajin. Da yake mace ba ta yanka, maigida kuma ba ya nan, duk kazar da ta kama hanyar mutuwa Arzika ake kira ta kan katanga ya zo da wuƙa, kada ta zama mushe. Ladansa wuya. Ƙundu rabon maigida ne, to amma maigida yana can bayan Ibadan, saboda haka Arzika ke karɓa a madadinsa. Cinya ɗaya kuwa ba wanda ya tuna ranar da ta fara shiga kwanonsa. An dai wayi gari ta zama al'ada.

Wanda ya san bazarar bakin kogi ya san ba irin ta tudu ba ce. A tudu rana ce ke ƙona mutum, in ya sami inuwa ya huta. A Yelwa inuwar ma gumi take yi. Hadari ya taso da la'asar, ya yi baƙi, ya yi rugugi, ya fasa, ya bar garin kamar an rufe tukunya da murfi. Mutum ya yi wanka, kafin ya sa riga ya sake jiƙewa. Kaza kuwa ba ta gumi, ga rigar gashi da ba ta cirewa, sai ta buɗe baki ta yi ta haki. Wannan lokacin shi ne kakar Arzika. Bara, cikin kaji goma sha huɗu, tara ya yanka. Har ƙiba ya ƙara, a watannin da kowa ke ramewa.

Tumba ba mai yawan magana ba ce, amma tana da ido. Ta lura da abu biyu. Na farko, biyar ɗin da suka tsira su ne masu raɓewa a gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi da danshi. Na biyu, cikin taran da Arzika ya ce suna gab da mutuwa, akwai waɗanda sai da aka zagaya tsakar gida sau biyu kafin a kama su.

Cikin waɗanda suka tsira akwai Wake-wake, tsohuwar kaza mai zanen fari da baƙi, uwar garken gaba ɗaya. Ita kaɗai ce ke kwanci ba ta guje wa ƙwai, ita ce kuma ke tsayawa ta yi faɗa da shirwa. Tumba ta taɓa cewa ranar da Wake-wake ta tafi, ranar za ta rushe akurki ta bar kiwo. Arzika kuma shekara uku ke nan yana kallon kazar yadda dillali ke kallon gidan da bai shiga kasuwa ba tukuna.

Bana, tun kafin zafi ya kankama, Tumba ta tashi tsaye. Ta sa aka cire kwanon da ke kan akurki aka maye shi da ciyawa, aka huda bangonsa gabas da yamma don iska ta ratsa. Ta kafa rumfar zana a ƙarƙashin dogon yaron da ke tsakar gida. Ta jefar da robar da kajin ke shan ruwa a ciki, wadda kafin azahar ruwanta kan yi zafin da za a iya dama koko, ta sa kasko uku a inuwa, tana canja musu ruwa daga randa sau uku a yini, da ɗan dakakken tafarnuwa a ciki. Ta daina ba su hatsi da tsakar rana, sai da sassafe da bayan la'asar. Tsakanin nan sai ganyen zogale da ɓawon kankana. Ta haƙa ɗan rami a gindin bishiyar ta cika shi da toka da yashi, su yi birgima su kakkaɓe ƙwari. Ta gwada rataya jiƙaƙƙen buhu a bakin akurki, kwana biyu ta ga ba ya bushewa sai wari, ta cire. Kashinsu kuma ba ta barinsa ya wuni, don a irin wannan danshi shi ne ke fara tayar da ciwo.

Aka yi mako uku cikin zafi ba a kira Arzika ba.

Da farko ya ɗauka kunnensa ne. Ya dawo da wajen shanya hulunansa jikin katangar, don kada a kira bai ji ba. Daga baya ya fara wasa wuƙa a kan dutse kullum da hantsi, a daidai inda ƙarar za ta tsallaka. Da abin ya ƙi, sai ya soma shigowa gaisuwa. Ya tambayi labarin Yaya a taƙaice, ya tambayi kaji ɗaya bayan ɗaya. Ya duba rumfar ya ce inuwa da yawa tana sa kaza lalaci. Ya duba kasko ya ce yawan shan ruwan sanyi yana kawo musu mura. Ya duba ramin toka ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an haƙa wa mai rai rami ba. Tafarnuwa kaɗai ya yaba. Ya ce wannan dabara ce mai kyau, don in aka fara ba ta tun tana da rai, ta fi shiga nama.

Tumba ta ce ta gode da shawara. Ta ba shi ruwa, ya sha, ya tafi.

Ranar wata Alhamis aka tashi da zafin da ko tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Hadari ya haɗu tun hantsi ya tsaya, ko ganye ba ya motsi. Bayan azahar Arzika ya taka turmi ya leƙa ta kan katanga, kamar yadda ya saba yanzu. Sai ga Wake-wake kwance a gefe ɗaya cikin ramin toka, ƙafa a miƙe, fiffike ɗaya a baje, ba ta motsi.

Bai tsaya neman takalmi ba. Tsakanin ƙofarsa da ta yayansa sai an zagaya lungu, a bi ta bayan injin niƙa, tafiyar da ya saba yi a hankali yana gaisawa da mutane. Ranar da gudu ya yi ta, da tumbinsa da wuƙarsa, a kan ƙasar da ke ƙona tafin ƙafa. Ya yi sallama a guje, ya faɗo tsakar gida, ya zube a kan kujerar tsugunne da ke ƙarƙashin rumfar kajin. Rigarsa ta manne masa. Ya ware hannuwa nesa da jikinsa don iska ta shiga hammata, iskar da babu ita.

Tumba ta fito daga madafa da kwano a hannu. Ta dube shi, ta dubi wuƙar, ta bi inda yake nunawa da ita. Da ta ga yadda kazar ke kwance, sai ta matso ta ƙara dubawa. Ko ita ba ta taɓa ganin Wake-wake ta yi irin wannan kwanciya ba.

"Kawo ruwa da faranti, matar Yaya," in ji Arzika, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma. "Saura kaɗan."

Ta ce a dakata tukuna a gani. Ya ce ba a dakatawa da rai, shi shekara bakwai yana wannan aikin ba don komai ba sai don zumunci, kuma alamomin ba sa ƙarya. Ya lissafa mata su da yatsa. Baki a buɗe. Haki. Fukafukai a sake. Ido rabi a rufe. Na biyar kuma, wanda daga shi ba sauran magana, a ce da ita tashi ta ƙi tashi. Ya ce duk abin da ya haɗa biyar ɗin nan, tausayi shi ne a gaggauta masa, in kuwa aka yi jinkiri ya zama mushe, alhakin yana wuyan mai jinkirin.

Tumba ta auna maganar. In gaskiya ya faɗa, minti kaɗan ya rage ta yi asarar kazar da namanta duka. In kuwa irin gaskiyar bara ce, da hannunta za ta miƙa uwar garkenta. Ta duba kwanon da ke hannunta, ɓawon kankana ne da ta yanka ƙanana. Ta ɗauki ɗaya ta jefa kusa da ramin.

Wake-wake ta buɗe ido ɗaya. Ta miƙe, ta girgiza, toka ta tashi ta bi ta kan Arzika. Ta taka zuwa wajen ɓawon, ta kori wata budurwar kaza da ta riga ta isa, ta hau ci.

Arzika ya bi kazar da kallo. Sannan ya ce wannan shi ne ya fi ba shi tsoro. Ƙarfin ban kwana ke nan, ya sha gani, har a mutane ana yi. Mai mutuwa ya tashi ya nemi abinci, 'yan uwa su yi ta murna, kafin magariba a kira mai wanka. Ya ce ita dai ta kama masa kazar tun tana tsaye, ya fi sauƙi.

Tumba ta ce to ta ji, amma ya tashi daga nan tukuna, ya tare wa kaji hanyar kasko, ga su can sun yi cirko-cirko a rana suna jiran ya ba su wuri.

Ya yunƙura, kujerar ta yi ƙara, ya koma. Ya jingina kai da gindin bishiya, ya lumshe ido, baki a hangame, ƙirji yana sama yana ƙasa.

"Bari in dawo hayyacina," ya ce. "Wallahi ko za a ba ni kazar nan a soye ba zan iya tashi yanzu ba."

Tumba ta ajiye kwanon. Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, a natse, tana naɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. Sannan ta miƙa hannu.

"Biyar sun cika. Miƙo wuƙar nan, Arzika, kada ka yi mana mushe."