Malam Ubale da Allin Bango

Wani mutum ne muke da shi a Kwarin Tsamiya, Malam Ubale mai katifa, wanda in ya fara ba da labarin kansa sai ka rantse a maƙera aka haɗa shi. Bai taɓa ciwon kai ba, in ji shi. Sauro in ya cije shi, sauron ne ke kwanciya jinya. Har cewa yake wata shekara kunama ta harbe shi a ƙafa, ya ɗauka ƙaiƙayi ne, sai da safe aka tsinci gawarta a bakin tabarma.

Unguwar tamu kuwa can ƙarshen gari take, bayan babbar kwata. Asibiti mafi kusa sai ka hau adaidaita biyu, ka ƙarasa da ƙafa. Duk wani abin alheri da za a kawo birni, a unguwannin manya yake ƙarewa, mu sai dai mu ji a rediyo. Abin yana ci mana rai ƙwarai. To da zafin bana ya tsananta, sai ga ma'aikatan lafiya na birni sun zo wajen Mai Unguwa Sallau, suka ce za a bi gida-gida a yi allurar rigakafin sanƙarau, babba da yaro. In kuma unguwa ta ba da haɗin kai ba a bar gida ko ɗaya ba, za a buɗe mana ƙaramin asibiti a nan cikinmu.

Aka ce a kafa kwamiti. Kafin a rufe baki Ubale ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, wannan aikin na maza ne! Ni allura ai cizon cinnaka ya fi ta. In sun ga dama su yi min bakwai a jere, ina tsaye ina cin gyaɗa."

Aka ba shi shugabanci, aka haɗa masa da lasifika. Kwana uku ba mu huta ba. Ka fito alwala, Ubale. Ka zauna cin tuwo, Ubale. "Duk matsoracin da ya ɓuya a ɗaki, ni zan zaƙulo shi!"

Abin da ba mu sani ba, a duk faɗin Kwarin Tsamiya babu mai tsoron allura kamarsa. Ko matarsa Kande ce ta zauna tana ɗinke masa aljihu, sai ya tashi ya bar tsakar gidan. Rabonsa da allura tun ta lamba yana ɗan yaro, ita ma sai da ƙarti huɗu suka danne shi.

Ranar da aka fara, sai Ubale ya laɓe yana kallon yadda ma'aikatan ke yi, sai ya lura da wani abu: duk gidan da suka fito, sai ɗaya ya ciro alli ya yi rubutu a bango kusa da ƙofa, kuma in wata tawagar ta zo ta ga rubutun, sai ta wuce abinta. Ubale ya ce a ransa, "Ashe ma abin mai sauƙi ne."

Ya tura Kande da yara ƙofar gidan mai unguwa, inda wasu ma'aikatan suka zauna suna yi wa masu zuwa allura, ya ce iyalin shugaba su ya kamata a fara gani a layi. Suna fita ya samo alli. Matsalar ɗaya ce, gogan naka bai iya karatun boko ba, ko sunansa sai an nuna masa. Sai ya bi layi yana duba bangon mutane, yana zaɓe kamar mai sayen hula. Wannan rubutun ya yi kaɗan, wancan ba shi da kwarjini. Can ya ga na gidan Lawwali mai faci, ga yawa, ga wani ƙaton zagaye, har da layi biyu a ƙasa.

"Yauwa! Wannan ya dace da gidan shugaba."

Ya je ya dawo, ya je ya dawo, har sau biyar, sai da ya kwafe shi tsaf. Nasa ma ya fi girma, ana hango shi daga bakin titi. Masu allura suka zo, suka ɗaga kai, suka wuce. Ubale ya manna filasta a damtse, ya fito majalisa yana wani lanƙwasa hannu.

"Shugaba, an sha allura?"

"Allurar ce ta sha wuya. Biyu suka karye kafin ta uku ta shiga."

Kashegari da hantsi shugabar ma'aikatan, Malama Hajara, ta iso ƙofar mai unguwa riƙe da takarda. Mace ce ba ta da yawan magana. Ta ce ta zaga ta duba bango, gida biyu ne kawai ke da alamar an ƙi karɓar allura, kuma in ba a shawo kansu yau ba, maganar asibiti sai dai wata unguwar.

Ubale ya yi tsalle ya dire. "Gida biyu? A unguwata? Su wane ne marasa kunyar?"

"Ban san masu gidajen ba, Shugaba, bangon kawai na gani. Mu je in nuna."

Aka ɗunguma. Ubale a gaba da lasifika, mai unguwa a baya, mu 'yan kallo zuga guda. Gida na farko, na Lawwali mai faci. Da Ubale na da lura, a nan ya kamata jikinsa ya yi sanyi. Ina! Bakinsa ya riga hankalinsa. Ya wanke Lawwali tas, ya ce masa ragon maza, mai son matan unguwa su ci gaba da haihuwa a cikin adaidaita. Lawwali ya ji kunya, ya ce shi dama jita-jita ce ta ruɗe shi. Ya miƙa hannu, caf, aka yi masa, aka yi wa iyalinsa.

Kan Ubale ya ƙara girma. Ya ɗaga lasifika sama.

"Saura ɗaya! Kowane ne shi, ko ɗan uban waye, ni da hannuna zan riƙe shi a yi masa a bainar jama'a!"

Malama Hajara ta yi kwana ta shiga wani lungu. Ubale ya rage sauri. Ta wuce shagon mai markaɗe, ta wuce famfo. Ubale ya fara tari.

"Malama, anya ba ki yi ɓatan kai ba? Wannan layin duk mutanen kirki ne."

Ta je ta tsaya cak a ƙofar gidansa, ta nuna bango.

Jama'a suka juyo suna kallon Ubale.

Mai unguwa ya gyara tsayuwa. "Ubale, wannan ba gidanka ba ne?"

"Ranka ya daɗe, aikin maƙiya ne! Mahassada ne suka..."

"Mutum goma sha bakwai, duk mai gida ya hana," Malama Hajara ta karanta.

Lawwali ya matso yana leƙe. "Kai! Ai lissafin gidana ne wannan. Har inda allin ma'aikatan ya karye ya kwafa!"

Sai ga Kande ta leƙo daga zaure da mayafi. "Sha bakwai kuma? Mu biyar ne, kuma mu huɗu an yi mana jiya. Rubutun nan kuwa na dawo na tarar da Malam yana ƙarasa shi, ya ce min ado ne."

Dariya ta ɓarke, har da masu faɗuwa. Malama Hajara ta ɗaga hannun rigarsa, ta ɓanɓare filastar nan, fatar sumul kamar bayan ƙwarya. Ta buɗe akwatin sanyinta.

Mai unguwa ya ce, "To, Shugaba, ka yi alkawarin riƙe mai gidan nan. Bismilla, riƙe shi."

Ubale ya duba gabas, jama'a. Ya duba yamma, Lawwali ya tare hanya yana naɗe hannun riga. Ya runtse ido, ya ƙanƙame lasifikar da bai tuna ya kashe ba. Malama Hajara ta kama damtsensa, ya ji wani abu mai sanyi ya taɓa shi.

"Wayyo Allah na mutu! Wayyo Inna! Kande, ki yafe min! Ta shiga ƙashi! Ta fito ta baya!"

Ihun nan ta lasifika ya fita, har tattabarun kan masallaci suka tashi fir. Malama Hajara ta jira sai da ya numfasa, sannan ta sunkuyo, bakinta daidai kan lasifikar.

"Shugaba, auduga ce fa. Ban ma ciro allurar daga leda ba."