Ranar da Na Sanar da Rasuwar Baba Lawal

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a bakin tafkin Titiwangsa da ke Kuala Lumpur ba. Ko na so mantawa ma, akwai mutanen da har yau suke ajiye da muryata a wayoyinsu, kuma babu alamar za su goge.

Lokacin ina shekara ta biyu a wata kwaleji da ke Setapak, muna haya a wani dogon bene mai arha ni da wasu samari 'yan Kano. A benen da ke kallon namu akwai wani malamin jami'a ɗan Kaduna da muke kira Dakta, da matarsa Anti Binta, wadda tuwonta na ranar Juma'a ya ceci ɗalibai da yawa daga taliyar leda. Mahaifinta, Baba Lawal, ya zo ganin likitan zuciya, aka ce ya ɗan zauna a ga yadda magani zai karɓe shi. Tsohon malamin dabbobi ne, dogo siriri, da ɗan abin ji a kunne wanda yake cirewa ya jefa aljihu duk sanda hira ta ishe shi.

Wata rana Anti Binta ta kira ni in duba wayarsa, wai ta cika ta ƙi ɗaukar hoto. Ina buɗewa na tarar da waƙoƙin kantiri maƙil, irin na Turawan karkarar Amurka, masu gita da muryar hanci. Na dube shi, na dubi carbin da ke hannunsa.

"Baba, wa ya zuba maka waɗannan?"

"Ni na sa aka zuba," in ji shi. "Su nake ji a rediyon motar gwamnati lokacin da muke bin rugage muna yi wa shanu allura. Su ma makiyaya ne, ɗana. Hular ce kawai ta bambanta."

Daga ranar na zama ɗan gidan. Da yamma mu zauna a barandarsu, kunne ɗaya na abin sauraro a wurinsa ɗaya a wurina, yana fassara min abin da hancin mawaƙin ya haɗiye. Shi ya koya min yadda ake gane mai ƙarya daga yadda yake yabon kansa, da yadda ake yi wa uwa waya ba sai ana neman wani abu ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ba a ma bari na ga gawarsa ba, don haka ba sai na faɗa muku irin gurbin da tsohon nan ya cike ba.

Waƙoƙin da ya fi so su ne na saurayi da tsoho. Yaro ya shaƙu da wani dattijon maƙwabci, dattijon ya koya masa kamun kifi ko gyaran mota, su yi ta zama a baranda. To amma na lura da wani abu: duk inda aka je aka dawo, a baiti na ƙarshe tsohon mutuwa yake. Kafin ya mutu kuma sai ya yi wa yaron wata nasiha, ya damƙa masa wani abu nasa.

"Baba, me ya sa kullum tsohon ne yake mutuwa?"

"To so kake yaron ya mutu?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Tun daga nan tsoro ya shige ni. In ya yi tari sai gabana ya faɗi. In na yi sallama bai amsa da wuri ba sai in faɗa ɗakin a guje. (Na sani, na sani. Saurayi mai gemu, mai karatun lissafin kwamfuta. Ku dai bari in ƙarasa.)

Ranar Asabar ɗin, Anti Binta da Dakta suka tafi shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen yadudduka na tsaraba. Kafin ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce min, "Ga Baba nan amana. Ban da sukari, ban da maiƙo, kuma kada ku yi nisa."

Ƙarar lif ɗinsu ba ta gama ɓacewa ba Baba ya saɓa hiraminsa a kafaɗa.

"Kira mana mota. Na gaji da kallon bango."

Na yi ƙoƙarin musu, ya yi kamar abin jinsa ya lalace. Muka fara tsayawa a mamak, irin gidan abincin nan na Indiyawa Musulmi, ya ci roti, wata wainar fulawa mai maiƙo, har yana lasar yatsa, ya kora da shayin nan nasu mai madarar gwangwani da ake zubowa daga sama. Ina kallon kowace kurɓa kamar ni nake ba shi guba. Daga nan muka wuce Titiwangsa, muka sami benci a inuwa, ga ruwa a gabanmu, ga dogayen gine-ginen birni can nesa, masu motsa jiki suna ta wucewa.

Ya daɗe yana kallon ruwan. Can ya ce, "Ɗana, ka riƙe salla. Kuma ka daina barin mahaifiyarka tana jiran wayarka." Sai ya kwance agogon hannunsa, tsohon agogo mai madaurin fata, ya miƙo min. "Riƙe wannan."

Wallahi sai da na ji bencin ya juya da ni. Ga nasiha, ga kyauta. Na san wannan baitin.

"Je ka samo min ruwa mara sanyi," ya ƙara.

Na tafi ina waiwaye. Shagon da ke kusa a rufe yake, sai da na zaga wancan ɓangaren, na tarar da layi. Da na dawo, tun daga nesa na ga hularsa a ƙasa.

Kansa ya karkace gefe, bakinsa a buɗe, carbin ya zame ya faɗi tsakanin ƙafafunsa. Na ce, "Baba." Shiru. Na ɗaga murya. Shiru. Na matsa na ɗan taɓa gwiwarsa da yatsa ɗaya, kamar mai gwada zafin tukunya, sai hannunsa ya sulale daga kan cinya ya yi lilo.

Ban taɓa tsayawa kusa da gawa ba. Na tuna ana duba bugun jini a wuyan hannu, na kama hannunsa, amma nawa hannun rawa yake har ban san wane motsi ne nasa wane ne nawa ba. Sai na saki da sauri. In sa kunne a ƙirjinsa? In kai yatsa hancinsa? Ko kusa tunanin bai zo min ba, kuma ko ya zo ba na jin zan iya. Abin da ke yawo a kaina shi ne rotin nan, da shayin nan, da muryar Anti Binta tana cewa amana. Na kashe tsohon mutane a ƙasar da ba tamu ba. Na hango 'yan sanda, na hango an kore ni daga makaranta, na hango kaina tsaye a gaban mahaifiyata ina bayani.

Na kira Dakta, bai ɗauka ba. Lambar Anti Binta kuwa na kasa dannawa. Maimakon in nemi motar asibiti kamar mai hankali, sai na buɗe guruf ɗin Hausawan Kuala Lumpur, wanda ke cike da ɗalibai da malamai da matan aure, na danna wurin saƙon murya.

Ga abin da na ce, kuma ba sai na yi ƙoƙarin tunawa ba, an sha maimaita min: "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, Baba Lawal ya rasu. Yanzu yanzu, a hannuna. Ya ba ni agogonsa. Ni na kai shi mamak, don Allah ku yafe min." Sauran saƙon kuka ne da jan majina.

Kukan ya tara mutane. Wata dattijuwa 'yar ƙasar, da ɗankwali da takalmin gudu, ta leƙa fuskar Baba, ta dube ni ta ce, "Tidur lah. Tidur." Ni kuwa duk Malayancina bai wuce makan da tapau da boleh ba, kalmomin sayen abinci. Na ɗauka ta'aziyya take min, na share hawaye na ce, "Amin, amin, na gode." (Tidur barci ne. Yanzu ko cikin mafarki aka tambaye ni zan faɗa.)

Ganin ana ta kallonsa, na ce bari in suturta shi. Na zare hiramin daga kafaɗarsa, na kawar da kai gefe, na lulluɓe masa fuska. Na ga ƙyallen yana ɗan shiga yana fita a saitin bakinsa, na ce a raina iska ce. Dattijuwar ta riƙe haɓa tana kallona, wani mutum ya fara yi min Turanci a hankali, ni kuwa ba na jin komai sai wayata da ke ta rawa a aljihu.

Sai gawar ta yi atishawa.

An ce min na yi ihu. Ni dai abin da na sani shi ne na tsinci kaina a guje, na bangaje wani mai keke, na tsallake shingen furanni na faɗa ciki da fuska. Takalmina ɗaya ya tsaya a gaban benci. Da na ɗago, ganye a bakina, sai na hango Baba ya yaye hiramin, yana lalube a aljihu, ya ciro abin jinsa ya maƙala a kunne. Ya dubi taron da ya kewaye shi, ya dube ni a cikin furanni.

"Ina ruwan?" ya ce.

Ashe sabon maganin da aka ba shi ne mai sa barci kamar an doke mutum, ya sha bayan karin kumallo. Abin jin ya cire ne don ƙarar masu tsalle-tsalle da kiɗa ta dame shi. Agogon kuwa madaurin ne yake masa ƙaiƙayi in ya yi zufa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Kafin in rarrafo in goge saƙon, ya riga ya tashi daga guruf ɗinmu ya haye teku. Wata mota ta ci burki a bakin titi, Anti Binta ta fito a guje, mayafinta a hannu, Dakta na biye. Da ta ga mahaifinta zaune yana karkaɗe hularsa, sai ta nufe shi. Ta durƙusa ta rungume gwiwoyinsa tana kuka marar sauti. Wannan shi ne wurin da ba ya ba ni dariya har yau. Ko kallona ba ta yi ba, kuma da ta zage ni da ya fi min.

Wayar Dakta ta yi ƙara. Daga Kaduna ne, inda asuba ma ba ta yi ba, an riga an tashi Hajiya matar Baba daga barci, maƙwabta sun fara shigowa. Baba ya karɓi wayar.

"Hajiya, ni ne. A'a, kwantar da hankalinki, daga duniya nake kira."

Muka koma gida, muka tarar da samari cikin jallabiya da hula sun cika ƙofar bene, wasu matan sun zo da kulolin abinci. Baba ya zauna a falo ya karɓi gaisuwar rasuwarsa da kansa, yana tambayar kowa, "Ya haƙuri?" Dakta ya tsayar da ni a tsakiyar falon, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ce tunda ni ne mai sanarwa, in sake wata. Na danna, na ce, "Jama'a, Baba Lawal bai rasu ba. Barci yake." Ɗaya daga cikin abokan zamana ya faɗi ƙasa don dariya. Sunan Mai Sanarwa ya bi ni har na gama makaranta, har wasu sababbin ɗalibai sun ɗauka sunan gidanmu ne.

Anti Binta ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da kyau. Na daina zuwa tuwon Juma'a, in na hango ta a bakin lif sai in bi matakala. Baba ne ya aika aka kira ni wata yamma. Na shiga na tsuguna, ita tana gefe tana ninke kaya.

"Binta," ya ce, "na sa an kunna min saƙon nan na saurara. Wauta dai ya yi ta, ba a magana. Amma kukan na gaske ne. Mutane nawa ne suke samun jin yadda za a yi musu kuka tun suna da rai?"

Ta ci gaba da ninke kayan. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Akwai sauran miya a kicin. Ka wanke kwanon in ka gama."

Baba ya koma Kaduna bayan 'yan watanni, kuma yana nan da ransa, ya ma fi ni lafiya. Duk sanda na kira shi, kafin in gaishe shi sai ya riga ni: "Ina nan, ɗana, kada ka sanar."

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka ga dattijo ya yi shiru a kan benci, ka fara kai hannu hancinsa kafin ka kai hannu aljihunka. In kuma tsoro ya hana ka, to ka tsaya daga nesa ka ce an kawo shayi mai sukari. In bai motsa ba, sannan ka nemi likita, shi ya yi sanarwar.