Daddawar Inna Tsakanin Gilasai Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da daddawar Inna ta tona mini asiri a unguwar Woolwich, can ƙasar Turawa. Ina ɗalibi lokacin, shekarun da fetur ya yi tsada: a gida ana ta wadaƙa, Turawa kuwa suna kukan tsadar ɗumama ɗaki. Shi ya sa mai gidan da nake haya, wata tsohuwar Baturiya, ta sa aka ƙara wa kowace taga gilashi na biyu ta ciki, irin wanda ake turawa gefe. Ta ce iskar da ke tsakanin gilasan ce ke tare sanyi.

Ni kuwa da na ga wannan 'yar rata, rumbu na gani. Da zan taho, Inna ta ƙulle mini daddawa da man shanu a tsohon zaninta, ta ce, "Ka riƙa ci kaɗan-kaɗan, kada bakinka ya manta gida." Nan na ɓoye ƙullin, ga sanyi, ga wari ba ya fita. Duk ranar da kewa ta ishe ni sai in tura gilashin in shinshina (ko miyar ma ban iya ba, Allah na gani).

Ran nan aka wayi gari da rana, abin da ba a saba ba. Matar ta kwaso maƙwabta biyu su ga tagoginta, don su ma suna shawarar irin da za su saya. Da ɗakina aka fara. Ashe man ya narke, daddawa ta sha zafi. Matar tana tura gilashin, daddawa ta gaishe da baƙi. Ɗaya ya toshe hanci ya ce ɓera ne ya mutu. Matar ta tambaye ni ko na san abin. Ni ɗan boko mai kwat, sai na ce ban taɓa ganinsa ba. Da abin ɗaukar gawayi ta kai ƙullin bola.

Suna fita na zauna, zuciyata ta ƙi haƙura. Ba ni da wata daddawar, kuma komawa gida da sauran tafiya. Na lallaɓa wajen bolar, na zura hannu har kafaɗa, na zaro ƙullin na kai hanci. Ina ɗagowa sai ga su ukun a tagar kicin suna kallona, gilashi fes.

Tun daga ranar na san taga mai gilashi biyu tana tare sanyi, amma ba ta tare ido. Daddawar dai ta raka ni har ƙarshen hunturu. Zanin kuwa yana nan a akwatina har yau.