Saniyar da Ta Shiga Kwata da Ƙafarta

A wani daji mai arzikin dabbobi akwai kara, wato kasuwar dabbobi, a gefenta akwai kwata, Kura ce Sarkin Fawa. Kada a tambayi wanda ya ba kura ajiyar nama, haka aka tashi aka tarar. Tun da aka kafa kwatar aka hana farauta, mai son nama sai ya je can. Dokar wurin kuwa ɗaya ce tun kaka da kakanni: duk dabbar da ta shiga ƙofa da ƙafarta, lafiyayya ce. Ungulu ke zama bisa katanga tana dubawa, ladanta hanjin duk wadda ta yarda a yanka. Wadda ta mayar, babu hanji. Saboda haka idon Ungulu ya daɗe bai ga cuta ba.

Wata kyanwa mai suna Ladingo ta sayi hanta ranar kasuwa ta kai wa 'ya'yanta uku. Kafin kasuwa ta zagayo, ciwon ciki ya kashe biyu, auta kaɗai ta tashi. Ladingo ta yi baƙin ciki irin wanda ba ya faɗuwa, amma ba ta daɗe a zaman makoki ba, don autar nan gobe ma naman kwata za ta ci. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, ta yi sammako ta haye tsamiyar bakin kwata.

A gindin tsamiyar ta ga wata tsohuwar saniya kwance, majina na zuba, ƙudaje sun rufe mata ido.

Ladingo ta ce, "Sannu, Iya. Jikin ne?"

Saniya ta ce, "Jikin ne, 'yar nan. Daga nesa aka koro mu, ba ruwa ba ciyawa. Wuƙa ba ta dame ni ba, kowa da ranarsa. Amma namana ba na ci ba ne, na gaya musu."

"To, ai ba za ki iya shiga ba."

"Zan shiga. Sanda ta fi ciwon zafi."

Ba ta rufe baki ba mahauta suka iso. Wannan ya murɗe wutsiya, wancan ya yi ta zuba mata gora a haƙarƙari, har ta miƙe tana rawar jiki, ta tsallaka ƙofa, ta zube. Ungulu ta leƙo ta ce, "Lafiyayya!"

Ladingo ba ta zarce ko'ina ba sai majalisar Zaki. Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Yau da idona na ga an doki marar lafiya har ta tashi, aka yanka, aka rataye. Wanda aka doka ya sha azaba, wanda ya ci ya shiga kabari. Biyu na binne, saura ɗaya, ita kuma ba zan binne ta ba. A duba dabba a kwance, a duba hanci, a duba hanta, a bar duba ƙafa."

Kura ta share baki ta ce, "Allah ya ja zamanin manyan dawa. Baiwar Allah tana cikin zafin rashi, ba ma ganin laifinta. Amma mu ba duka muke yi ba, ƙarfafa gwiwa ne. Dabba takan ji nauyin shiga baƙon wuri."

Ungulu ta ce, "Ni dai ƙafa aka ce in duba, ƙafa kuwa ban taɓa ganin ta yi ƙarya ba."

Zaki ya ce, "Duka ba shi da kyau. Daga yau an hana sanda a bakin kwata."

Ladingo ta ce, "Godiya nake, ranka ya daɗe. An hana sanda. Cutar fa?"

"Sannu ba ta hana zuwa, Ladingo. Gyara ɗaya a shekara ai ba kaɗan ba ne."

Majalisa ta ɗauka da kirari, aka yaba wa Ladingo a kan kishin jama'a, aka nuna mata hanya.

Kura mai biyayya ce. Ta tara gororin nan ta ƙone a bainar jama'a, ta sa aka haƙe bakin ƙofa ya zama gangare mai santsi. Yanzu ko tura dabba ba a yi sosai, a ɗan jingina ta kawai, ƙafafu a ƙasa, ta sulale ciki. Har wadda ta kwana da mutuwa takan shiga da saurinta.

Ladingo ta koma ciyar da autarta da fara da ƙwari, 'yar ta rame amma tana da rai. Kowace safiya kuma tana bisa tsamiya, tana gaya wa masu saye wadda ta taka da wadda ta sulale. Wasu su ji, wasu su ce mutuwar 'ya'ya ta taɓa mata kai. Ba ta fasa ba.

Zaki kuwa, saboda tsananin son talakawansa, ya bar musu naman gaba ɗaya, ya koma cin kifi.