Ranar da Na Sa wa Masallaci Kalangu

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da lasifikar masallacin unguwarmu ta yi kiɗa, kuma da hannuna.

Ina koya wa ɗaliban injiniya a Daura yadda na'urorin lantarki ke yi wa juna katsalandan. Kayan awo sun fi ƙarfinmu, sai na koma manhajar kwamfuta mai kwaikwayonsu: ka zana wayoyinka, ta nuna maka inda hayaniya za ta shigo. Shugaban sashenmu bai yarda ba. "Wasan yara ne," in ji shi, "badi za mu cire darasin."

Na ci alwashin ba za a cire ba. Sai ga dama ta samu: tun da aka sa wa masallacinmu sola, lasifika take ƙugi. Na kwashi ɗalibai muka zana komai a kwamfuta, ta nuna a nisanta amfilifaya mai ƙara sauti daga inbata mai juya wutar sola. Muka nisanta, na haɗa da wata doguwar wayar makirfo da na tsinta a kasuwa (araha ba ta ado, na sani, amma na yi kunnen ƙashi). Ita wayar ban sa ta cikin zanen ba. Waya ai waya ce.

Na gayyato shugaba zaman tafsiri, har da sa babbar rigata. Na kunna. Ƙugi ya ɗauke ɗif! Na dube shi ina murmushi.

Malam mai tafsiri ya yi bisimilla, ya ja numfashi, sai kalangu ya ɓarke daga saman hasumiya, zabiya na rangaɗa waƙa. Wayata ta zama eriya, ta jawo wani gidan rediyo daga tsallaken iyaka. Ga 'yan Hisba biyu a sahun gaba.

"Injiniya," in ji Malam, "aikin naka har da biki?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari, ido ba kunya, na kira shugaba aji. Muka ƙara doguwar wayar a zanen, nan take rediyon ya bayyana a allo. Muka koma masallaci muka sa gajeriya mai rufin tare hayaniya, ba ƙugi ba kalangu. Shugaba ya bar darasin bai cire ba, ɗalibai kuma suka bar mini suna: Malam Kalangu.

Kwamfuta ba ta yi mini ƙarya ba. Abin da na ɓoye mata ne ta bari hasumiya ta faɗa wa gari.