Rasuwar Kyaftin, Injin Tafkin Kawu Sebyo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙarni, iyalan Kawu Sebyo Manalang na Dagupan ke sanar da rasuwar Kyaftin, injin da ya shekara tara yana kaɗa ruwan tafkinsu don kifi su sami iska. Ya cika da safiyar Talata, saura kwana goma a kwashe kifin bana.

Mamacin bai taɓa neman hutu ba. Maƙwabta za su tuna da “tuf-tuf-tuf” ɗinsa, da kuma “ƙiii” da ya koya da tsufa. Kawu Sebyo kan goge shi da tsohuwar singiletinsa, gatan da ko babur ɗin gidan bai samu ba.

Bisa lissafi, mutuwar ba ta isa ta yi ɓarna ba. 'Yar gidan, Injiniya Luningning, ta duba yawan lalacewar irin wannan inji, ta ce yakan yi awa dubu huɗu kafin ya kwanta. Sai ta sayo masa ƙane, aka rufe da tamfol, yana jiran ranar larura. Da inji biyu, in ji takardarta, sai a yi shekara talatin kifi ba su rasa iska ba.

Takardar ba ta san Kawu Sebyo ba. Duk sanda Kyaftin ya yi tari, sai ya lallaɓa ƙarƙashin tamfol ya ciro masa magani daga jikin ƙanen: yau bel, gobe boris, daga baya har kwayil. Ranar Talata da aka yaye tamfol, ƙwarangwal aka tarar, da kaza tana kwanci a ciki. Kafin azahar kifi dubu takwas sun juya ciki sama.

“Baba, me ya hana ka gaya mini?” in ji Luningning.

“'Yar nan, inji nawa kika tambaye ni, na ce biyu. Ba ki tambayi lafiyarsu ba.” Yana faɗa yana kuka, kuma kukan na gaske ne.

Mamacin ya bar mai gida ɗaya, injiniya ɗaya da ta daina magana, da kaza mai ƙwai bakwai.

Za a yi zaman makoki kwana tara a bakin tafki. Kada a kawo furanni, a kawo ƙanƙara da gishiri. Abinci kifi ne, safe da rana, kuma ba mai tafiya hannu sake.

Ranar Asabar 'yan gwangwan za su ɗauki gawa. Za a haɗa da ƙanen a amalanke ɗaya, tunda rabin jikin mamacin dama nasa ne.