Garzali Ya Zo Aron Turmi

"Lafiya lau na kwana, tunda ban tashi da ganin fuskarka ba," in ji Hajiya Kubura, ba ta ko ɗago kai daga kwandon zoɓon da take ɓarewa ba.

Hantsin Asabar ne a Pleasant Garden, can ƙasar Amurka. Itatuwan bayan gidan ɗanta Alhaji Abdurrahim sun yi jajawur kamar an ƙunsa musu lalle, iska tana kaɗo ganyensu ɗaya bayan ɗaya. Jikanta Garzali, mai shekara ashirin da shida, wanda ke ɗaukar kwalaye a wani sito a Wendover, ya ja kujera ya zauna gabanta da wata jakar takarda a cinya.

"Tsohuwa, maigidanki ya yi tuƙi tun daga gari don ya gan ki, ko ruwa babu?"

"Maigidan da ke zuwa hannu rabbana? Ga famfo can."

Ta saci kallon jakar, tana fatan goro ne. Sai ya ce ai aron turmi ya zo. Ƙaramin turmin nan da ta ɗauko daga Funtuwa cikin akwati, wanda ma'aikatan filin jirgi suka juya shi sama da ƙasa suna tambayarta ko ganga ce. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin mijin da ya ari turmin matarsa ba, sai fa in sana'ar daddawa zai fara, kuma in haka ne ta yi murna, gara daddawa da rubutun nan da ya shekara uku yana yi ba wanda ya ga ko bangonsa.

Nan ya gyara zama ya shiga bayani, Hausarsa tana tuntuɓe da Turanci. Duk Alhamis suna haɗuwa a wani shagon shayi a East Greensboro, su bakwai, kowa da littafin da yake son rubutawa a kan tsirrai masu buɗe ƙwaƙwalwa. Ɗaya ya je har Kudancin Amurka ya sha ruwan wata saiwa. Wata ta ci laimar kwaɗi ta ce ta ji bishiyoyi suna numfashi. Shi kuwa nasa littafin, *Ƙofar Haske*, ya maƙale a babi na uku, kuma shugabansu Fredrick ya faɗa masa gaskiya: mutum ba ya rubuta abin da bai gani ba. To ga shi Allah ya kawo, ya tsinci wani tsiro a bayan shingen sito, ya karanta cewa mutanen dauri da shi suke leƙa gaibu. Gobe Lahadi zai daka shi a turmin, ya kulle ɗakinsa ya sha.

"Laimar kwaɗi," ta ce. "Su kwaɗin sun ba da izini?"

Ta fizge jakar ta buɗe. 'Ya'ya ne masu ƙaya, wasu sun tsage baki, da busasshen fure fari mai siffar kakaki. Warin ya riga idonta gane shi.

Ta san jikanta. Tun yana rarrafe, in aka ce kada ya taɓa murhu, murhun zai nufa. In ta kai maganar gun ubansa, su da suka yi wata biyar ba sa gaisawa tun da ya bar karatun haɗa magunguna, to ƙofar gidan nan ce za ta rufe, ya je ya sha abinsa ba mai leƙa shi. Kaka ba ta da sanda. Baki kawai gare ta.

"Wannan ne ƙofar hasken? Zaƙami? Haukata-yaro? A garinmu kan juji yake fitowa, kusa da inda ake zubar da toka. Akuya ma shinshina shi take ta wuce. Ka gaya wa Fredrick ɗinka akuyar Funtuwa ta fi ku bakwai ɗin hankali."

"Kishi ne. Kin san in littafin ya fito matan Amurka layi za su yi. Ni ma na gaji, na sake ki."

"Saki na nawa ke nan? Wancan watan ma ka sake ni da azahar, la'asar ka dawo cin ɗanwake."

"Wannan karon har da takarda."

"Wa zai rubuta ta? Kai da babi uku ya gagare ka?"

Ya yi dariya, amma ya miƙa hannu zai karɓi jakar. Ya ce ita dai ta ba shi turmi, sauran zancen na masu ilimi ne, don wanda bai sha ba ba shi da bakin magana.

Hajiya Kubura ta dubi zoɓon da ya rina mata yatsu. Shekara hamsin da ɗaya tana riƙe da wani labari, ko kakansa, Allah ya ji ƙansa, ya rasu bai ji shi daga bakinta ba. Ta auna mutuncinta, ta auna wannan dogon sakaran da ke gabanta, ta ga wanda ya fi nauyi.

"To rufe bakinka, mai bakin magana za ta yi magana. Ni na sha."

Ta ba shi labarin ba tare da ta dube shi ba. Bikin wata ƙawarsu ne, tana 'yar shekara goma sha bakwai, wasu samari da aka hana shiga suka zuba shi a tulun zoɓon 'yan mata. Kwana uku ba ta cikin hayyacinta. Ta durƙusa gaban randa tana gaishe ta da sunan gwaggonta, har tana tambayarta mutanen gida. Ta yi ta tsince tururuwan da babu su daga zanenta har farcenta ya yi jini. Maƙogwaronta ya bushe kamar ta haɗiyi toka. Da rawanin babanta aka ɗaure ta a ƙafar gado. Hasken da yake nema kuwa ta same shi, don mako guda ko fitilar kwai aka kunna sai ta rufe ido tana kuka.

Garzali ya matso, idonsa yana ƙyalli irin na mai farauta. "To me kika gani? A ciki, me kika gani?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya?"

"Ko ƙwaya ɗaya ban tuna ba. Duk abin da na faɗa maka, maƙwabta ne suka ba ni labari, suna dariya. Kai da za ka kulle ɗaki, wa zai ba ka naka? Littafinka mai shara ne zai rubuta shi, in ya ji wari ya fasa ƙofa." Ta jefa ƙwayar zoɓo a kwando. "Dalila, wadda muke kwana tabarma ɗaya, tana son tsami, kofi biyu ta sha. Ranar Juma'a aka kai ta. Ni ina ɗaure ina gaida randa."

Ganye ya faɗo tsakaninsu. Can a titi wata mota ta wuce. Garzali ya daɗe yana kallon jakar, ita kuwa ta ci gaba da ɓarar zoɓonta kamar ba ita ta yi maganar ba.

"Allah ya ji ƙanta," ya ce a hankali. Sannan gefen bakinsa ya motsa. "Randar ta amsa?"

"Ta fi ka ladabi. Ba ta katse ni ba."

Dariya ta ƙwace masa har ya dafe ciki. Ya naɗe bakin jakar da kansa, ya ƙulle ta cikin leda, ya kai ta kwandon shara na bakin gareji, ya dawo yana goge hannu a wando. Ta kore shi famfo ya wanke da sabulu, ita ma ta bi shi ta wanke nata.

Da suka zauna sai ya ce ta yarda ya rubuta wannan, randa da rawani da Dalila duka. Ta ce da sharaɗi: a canza mata suna, a bar na Dalila yadda yake, kuma babi ɗaya duk Asabar, yana daka mata yaji a turmin da ya zo aro, bayan ya shiga ya gaida ubansa. Ya ce an yi masa tsada, amma ya mai da aurensa.

Ta shiga kicin ta fito da kofin zoɓo mai sanyi ta miƙa masa. Ya karɓa, ya kai hanci, ya tsaya yana kallonta.

"Sha, maigida," ta ce. "Ranar da na tashi haukata ka, ba sai na nemi zaƙami ba."